Tarihin Kalmar “Triple-Double” a Ƙwallon Kwando da Darasinta ga Masu Tsara Keɓaɓɓun Kalmomin Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na shekara ta 2025 sabon kundin tafiyar da mulkin Jamhuriyar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan mataki ya ƙara nauyi a kan masu nazarin harshe da masu tsara aikin yaƙi da jahilci, domin harshen da aka ɗora wa irin wannan matsayi tilas ne ya iya ɗaukar kowane zance da jama'arsa ke yi. Fannonin lissafi da kiwon lafiya da noma da nahawu sun daɗe suna samun kulawar masu tsara keɓaɓɓun kalmomi. Fannin wasanni kuwa, galibi an bar shi a hannun ƴan jarida da masu sharhi a rediyo, alhali kuwa labarin wasanni yana cikin abin da matasa suka fi karantawa da son ransu, ba da tilascin malami ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wasu kalmomin Ingilishi da ake siffanta bajintar ɗan wasan ƙwallon kwando da su idan ya yi fice a fannoni da yawa cikin wasa guda, watau “double-double” da “triple-double” da danginsu. Za a duba yadda aka fara ƙidayar da ta haife su, da ƙirarsu, da hanyar da suka biyo har suka iso Yamai, sa'an nan a kawo shawara game da fassararsu.

2.0 Ƙidaya Kafin Suna

James Naismith, wani malamin motsa jiki haifaffen Kanada, shi ya ƙago wannan wasa a watan Disamba na 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka. Kwanduna biyu na zuba ƴaƴan itace ya kafe a sama, kuma daga nan sunan wasan ya samo asali; “ƙwallon kwando” na Hausa fassara ce kai tsaye ta wannan suna. A farkon al'amari ba a ƙidaya kome sai ƙwallon da ya faɗa kwando da laifin da ɗan wasa ya yi.

Ƙungiyar ƙwararru ta Amurka, wadda aka kafa a 1946 ta kuma ɗauki sunan NBA a 1949, ita ta faɗaɗa ƙidayar sannu a hankali har ta kai fanni biyar. Ga su kamar haka, tare da bayaninsu:

(a) maki, watau abin da ɗan wasa ya ci da hannunsa;
(b) cafkar ƙwallon da aka jefa ya kuskure kwando ya komo, abin da Ingilishi ke kira “rebound”;
(c) miƙa wa abokin wasa ƙwallo ya ci nan take, watau “assist”;
(d) fizge ƙwallo daga hannun abokan hamayya, watau “steal”;
(e) kaɓe ƙwallon da abokin hamayya ya jefa kafin ya nufi kwando, watau “block”.

Maki da miƙawa an ƙidaya su tun kakar farko. Cafka ta shiga littafin ƙididdiga a kakar 1950-51. Fizge da kaɓewa kuwa sai a kakar 1973-74. Wannan jeri na shekaru yana da muhimmanci ƙwarai, domin shahararrun masu kaɓe ƙwallo biyu, Bill Russell da Wilt Chamberlain, duk sun yi ritaya kafin a fara rubuta kaɓewa, na farko a 1969, na biyu a 1973. Duk abin da suka yi a wannan fanni bai shiga lissafin hukuma ba, saboda haka ba ya samun sunan da aka ƙirƙiro daga baya.

Misalin Oscar Robertson ya nuna ɗaya gefen al'amarin. A kakar 1961-62, yana wasa a Cincinnati, matsakaicin abin da ya samu a kowane wasa shi ne maki 30.8, cafka 12.5, miƙawa 11.4. An ƙidaya, an rubuta, amma a lokacin babu wata kalma da ta haɗa waɗannan lambobi uku ta mai da su abu guda. Sai bayan kusan shekara 20 aka waiwaya aka sa wa aikinsa suna.

3.0 Haihuwar Kalmar da Ƙirarta

Kalmar “triple-double” ta bayyana a farkon shekarun 1980, bayan Magic Johnson ya shiga ƙungiyar Los Angeles Lakers a 1979. Akwai ruwaya biyu game da wanda ya ƙirƙiro ta. Ɗaya tana danganta ta ga Bruce Jolesch, jami'in hulɗa da jama'a na Lakers, wanda yake neman gajeriyar hanyar nuna wa ƴan jarida cewa Johnson ba a maki kaɗai amfaninsa ya tsaya ba. Ɗayar kuma tana danganta ta ga Harvey Pollack, mai kula da ƙididdiga a ƙungiyar Philadelphia. Ruwayoyin biyu sun haɗu a kan abu guda: kalmar ta fito ne daga teburin masu ƙidaya da masu yaɗa labari, kuma wasan Johnson ne ya jawo ta. Shi Johnson ya kammala rayuwarsa ta wasa da irin wannan bajinta sau 138 a wasannin kaka, Robertson kuwa da aka koma aka lissafa nasa, sai aka tarar sau 181 ne.

Dangane da ƙira, kalmar haɗaɗɗen suna ce mai ɓangare biyu, kuma kowane ɓangare da aikinsa. Ɓangaren farko yana faɗin yawan fannoni: “double” biyu, “triple” uku, “quadruple” huɗu. Ɓangare na biyu, wanda kullum “double” ne, gutsure ne na furucin “double digits” ko “double figures”, watau lamba mai gida biyu, daga 10 zuwa sama. Ke nan “triple-double” na nufin ɗan wasa ya kai 10 ko fiye a fanni uku cikin biyar ɗin nan a wasa guda. A cikin “double-double” kuwa, kalma ɗaya ce aka maimaita amma da ma'ana biyu daban: ta farko yawan fannoni, ta biyu yawan gidajen lamba. Wanda bai san wannan gutsurewa ba zai ɗauka ninki ake nufi, watau biyu sau biyu, ko biyu sau uku.

Ingilishin wasanni ya riga ya saba da irin wannan tsari. A wasan kurket, “double” na nufin mutum ya haɗa gudu 1,000 da fitar da ƴan wasa 100 a kaka guda, kuma daga kurket ɗin ne “hat-trick” ta fito a ƙarni na 19 kafin ƙwallon ƙafa ya are ta. Abin da ya bambanta kalmar ƙwallon kwando shi ne saurin haihuwarta. Da zarar ƙirar ta zauna, sai aka riƙa auna wasu a kanta. An sami “quadruple-double” ga fanni huɗu. An sami “double-triple-double” ga wanda ya kai 20 a fanni uku, kamar yadda Chamberlain ya yi ran 2 ga Fabrairu 1968 da maki 22, cafka 25, miƙawa 21. An sami “triple-single” ta ba'a, ga wanda bai kai 10 ko a fanni ɗaya ba. Sai kuma “five-by-five”, wadda ta kauce wa ƙirar, tana nufin aƙalla 5 a dukan fannoni biyar. Har ila yau, a wajen filin wasa “double-double” tana da wata ma'ana dabam a Ingilishin Kanada, inda take nufin gahawa mai madara awo biyu da sukari awo biyu, kuma da wannan ma'ana ta shiga ƙamus ɗin Oxford na Kanada a 2004.

4.0 Yadda Suna Ya Sauya Wasa

Tarihin fanni huɗu gajere ne. Mutum huɗu kaɗai NBA ta amince sun yi shi: Nate Thurmond ran 18 ga Oktoba 1974, Alvin Robertson ran 18 ga Fabrairu 1986, Hakeem Olajuwon ran 29 ga Maris 1990, da David Robinson ran 17 ga Fabrairu 1994. Abin lura shi ne na farkonsu ya zo ne shekara ɗaya kacal bayan an fara ƙidayar kaɓewa.

Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963, shi ne ɗan Afirka ta Yamma da sunansa ya fi manne wa waɗannan kalmomi. A wasan 29 ga Maris 1990, ƙungiyarsa ta Houston da Milwaukee, ya sami maki 18, cafka 16, miƙawa 10, kaɓewa 11. Makonni kaɗan kafin haka, ran 3 ga Maris, ya sami maki 29, cafka 18, kaɓewa 11, da miƙawa 9. Jami'an Houston suka sake kallon hoton wasan suka ƙara masa miƙawa ɗaya don ta cika 10, amma NBA ta bincika ta mayar da ita 9. Shi ne kuma ya fi kowa yawan “five-by-five”, sau 6. Wannan takaddama ta 3 ga Maris tana nuna cewa miƙawa fanni ne da ya dogara a kan hukuncin mai ƙidaya, kuma tazarar da ke tsakanin 9 da 10, wadda ba ta taka kara ta karya ba a cikin wasan kansa, ta zama babbar magana saboda akwai suna a gefe ɗaya, babu a ɗayan.

Daga nan sai sunan ya fara jan ƴan wasa. A watan Maris na 2003 Ricky Davis na Cleveland, cafka ɗaya ta rage masa, ya jefa ƙwallo ga kwandon ƙungiyarsa da gangan don ya cafke. Ba a lissafa masa ba. A watan Afrilu na 2004 NBA ta soke wa Bob Sura na Atlanta cafkar da ya samu bayan ya kuskure da niyya. Haka ta yi wa Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa ƴan Nijeriya ne, a watan Maris na 2023. Hukumar ta kafa hujja da cewa jifan da ba a yi shi da nufin ci ba ba jifa ba ne, don haka babu cafka a bayansa.

A shekarun baya-bayan nan abin ya yawaita. Russell Westbrook ya maimaita aikin Robertson a kakar 2016-17, ya kuma wuce adadinsa na 181 ran 10 ga Mayu 2021. Nikola Jokić ɗan Sabiya ya zama na uku da ya riƙe matsakaicin 10 a fanni uku tsawon kaka guda, a 2024-25. Yawaitar ta sa kalmar ta fita daga bakin masana ta zama ta yau da kullum a labaran wasanni.

5.0 Hanyar Kalmar zuwa Yamai

Wasan ya isa Faransa tun 1893, aka buga shi a Paris. Hukumar duniya ta FIBA an kafa ta a Janeba a 1932, reshenta na Afirka kuwa a Alƙahira a 1961, kuma a can aka yi gasar ƙasashen Afirka ta farko a 1962. A ƙasashen da Faransa ta mallaka wasan ya zo da kalmominsa na Faransanci: “rebond”, “passe décisive”, “interception”, “contre”. Amma sa'ad da tashar Canal+ ta fara nuna wasannin NBA a 1985, da sharhin George Eddy, sai kalmomin Amurka suka shiga Faransanci da yawa. Duk da ƙoƙarin hukumomin Faransa na tsara kalmomin wasanni a 1988 da dokar kare harshe ta 1994, “triple-double” ta zauna yadda take, domin rubutunta ya yi daidai da kalmomin Faransanci biyu, kamar ba baƙuwa ba.

A nan ne matsalar take. Faransanci ba ya kiran lamba mai gida biyu da “double”. Abin da yake cewa shi ne “à deux chiffres”. Saboda haka igiyar da ta ɗaure kalmar da ma'anarta a Ingilishi ta tsinke a Faransanci. Mai jin Faransanci yana gane kowane ɓangare, amma haɗuwarsu ba ta gaya masa kome game da 10.

A haka kalmar ta iso unguwanni irin su Koira Kano, a gunduma ta ɗaya ta birnin Yamai, inda talabijin ta tauraron ɗan'adam da wayar hannu suke kawo wasannin Amurka cikin gidaje. Matashi a can yana jin kalmar da lafazin Faransanci daga mai sharhi, ya gan ta da Ingilishi a intanet, sa'an nan ya ba abokinsa labari da Hausa ko Zabarmanci. Sunan unguwar ma kansa ishara ne ga abin da ke faruwa idan kalma ta tsallaka harshe: Zabarmanci ne, “koira” gari ko unguwa, ɓangare na biyu kuwa daga kalmar daɗi yake, amma kunnen Bahaushe birnin Kano yake ji.

A kudancin iyaka hanyar dabam ce. A Kano, inda ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta ci gasar Nijeriya sau da dama, da Zariya, inda Masai Ujiri ya tashi kafin ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, kalmar daga Ingilishi take shigowa kai tsaye. Gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL, wadda aka buɗe a Kigali a 2021 da haɗin gwiwar NBA da FIBA, tana ƙara kusanto da wannan salon ƙididdiga ga ɓangarorin biyu. In an bar abin ga aro kawai, sakamakon sananne ne. Hausa ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe irin “tr” da “bl” ba, sai ta sa wasali a tsakani, kamar yadda ta yi a “direba” da “tebur”. Za a wayi gari da lafazi biyu, ɗaya daga Ingilishi, ɗaya daga Faransanci, kamar yadda aka sami “fensir” da “kiriyo”, ko “kwamanda” da “kumandan”. Wannan shi ne irin rabuwar da taron Bamako na 1966 da taron Yamai na 1980 kan daidaita rubutun Hausa suka yi ƙoƙarin ragewa.

6.0 Abin da Hausa Take da Shi

Ƙwallon ƙafa ya nuna cewa Hausa tana iya ƙera nata. “Satar gida”, “bugun kusurwa”, “bugun tazara”, “mai tsaron gida” da “bugun daga kai sai mai tsaron gida” duk sun zauna a bakin jama'a, haka kuma “ƙwallo uku rigis” ta tsaya a madadin “hat-trick”. Yawancinsu sun karɓu ne domin aikin da ake gani a fili suka siffanta, ba harafin kalmar Turanci suka bi ba.

Bisa wannan ma'auni, akwai hanyoyi uku da ya kamata a guje musu. Fassara ta harafi, kamar “ninki biyu sau uku”, lissafi ne da amsarsa 6, ba shi da dangantaka da abin da ake nufi. “Goma uku” tana da haɗari, domin ta yi kusa da “gomiya uku”, watau 30 a tsohuwar ƙidaya wadda har yanzu ake ji a wasu karuruwan Hausa, ta kuma yi kusa da “goma sha uku”. Aro tsagwaronsa kuwa an riga an ga illarsa a sama.

Nahawun Hausa yana da abin da Ingilishi da Faransanci ba su da shi a nan, watau maimaita lamba don nuna rabo: “goma-goma” na nufin kowane ɗaya ya sami goma. Mai saye da sayarwa a kasuwa ya san wannan, ɗan firamare ma ya sani. Saboda haka ana iya cewa “goma-goma a fanni biyu”, “goma-goma a fanni uku”, “goma-goma a fanni huɗu”, sa'an nan “ashirin-ashirin a fanni uku” ga irin aikin Chamberlain, da “biyar-biyar a fanni biyar” ga irin na Olajuwon. Wannan ƙira ɗaya ta ɗauke dukan jerin, har da wadda ta kauce a Ingilishi, kuma ta fito da lambar fili, abin da kalmar asali ta ɓoye. Illarta biyu ce. Tana da tsawo, ko da yake bakin masu sharhi zai iya gajarta ta zuwa “goma-goma uku”. Sa'an nan tana iya sa a zaci 10 daidai ake nufi; wannan sai a warware shi a bayanin ƙamus da cewa “goma ko fiye”.

7.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa ƙidaya ce ta riga suna, kuma sunan bai da abin da zai kama sai inda aka rubuta lambobin. Takardar sakamako ta hukuma a wasannin FIBA maki da laifuffuka da hutun da koci ya nema take ɗauka. Cafka da miƙawa da fizge da kaɓewa aikin wasu masu ƙidaya ne na dabam. Duk filin da takardar farko kaɗai ake cikawa, ɗan wasa zai iya yin goma-goma a fanni uku ba tare da kowa ya sani ba. Daɗin daɗawa, wasan FIBA minti 40 ne, na NBA 48, don haka cika 10 a fanni uku ya fi wuya a filayen Nijar da Nijeriya.

Bisa ga haka, ana ba da shawara huɗu. Ta farko, a fara daidaita sunayen fannoni biyar ɗin kafin a taɓa haɗaɗɗun kalmomi. “Maki”, “cafka”, “miƙawa”, “fizge” da “kaɓewa” da aka yi amfani da su a nan abin gwaji ne, a kai su gaban ƴan wasa da alƙalai da masu horarwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Kano da Zariya a ji wadda bakinsu ya karɓa. Ta biyu, a yi aikin tare da cibiyoyin nazarin harshe na ɓangarorin iyaka biyu, domin a fita da jeri guda. Ta uku, a buga takardar ƙididdigar wasa da Hausa a raba wa makarantu da ƙungiyoyi. Ita kanta kayan koyar da karatu da lissafi ce, tun da a cikinta akwai jadawali da tarawa da fitar da matsakaici. Ta huɗu, a miƙa jerin ga masu sharhin wasanni na gidajen rediyo tun da wuri, domin ta bakinsu ne kalmomin ƙwallon ƙafa suka bazu, kuma ta nan ne waɗannan ma za su bi.